Yadda za mu kai mata kujerun wakilci a Jihar Kebbi, tun daga gunduma

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu ya ga yadda layin mata yake miƙewa tun da hantsi, wasu da goyo a baya, wasu tsofaffi ne an riƙo musu hannu, kuma ba sa watsewa sai sun dangwala ƙuri'arsu. Amma da aka rantsar da majalisar dokokin jiha bayan zaɓen 2023, kujerun nan 24 duk maza ne suka hau su. A Abuja ma haka zancen yake, domin a cikin sanatoci 109 mata huɗu ne kacal, a majalisar wakilai mai kujeru 360 kuwa ba su kai 20 ba, alhali a rajistar hukumar zaɓe ta INEC ta 2023, mai ɗauke da mutum miliyan 93 da ɗoriya, kashi 47.5 cikin ɗari mata ne.

Na daɗe ina zama da ƙungiyoyin mata a kan wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne makara ce take cin mu. Muna farkawa ne bayan fastoci sun cika gari, lokacin da an riga an raba tikiti, sai a kira mu mu sa anko mu yi guɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kujerar wakilci a cikin jam'iyya ake cin ta, a matakin gunduma, shekara biyu ko uku kafin ranar zaɓe, kuma a can ne ya kamata aikinmu ya soma.

Katin jam'iyya da katin zaɓe

Sharuɗɗan da tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman kujerar majalisar jiha sun haɗa da zama ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce za ta tsayar da shi. Ma'anar wannan ita ce, komai farin jinin mace a unguwarsu, idan ba ta bi ta ƙofar jam'iyya ba sunanta ba zai kai ga akwati ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga nauyin wannan ƙofa a watan Mayu na 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke nasarar dukkan 'yan takarar APC na jihar, tun daga gwamna har 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba. Idan rashin ingancin zaɓen cikin gida zai iya kayar da gwamnan da aka riga aka bayyana, to ya kamata mu gane inda ƙarfin yake.

Saboda haka matakin farko shi ne mata su je wurin sakataren jam'iyyar da suke so a gundumarsu su yi rajista, su karɓi kati, su tabbatar da idonsu cewa an shigar da sunayensu cikin kundin 'yan jam'iyya. Kada mace ta je ita kaɗai. A je mutum ashirin ko talatin daga gunduma ɗaya a rana ɗaya, domin shugaban jam'iyya na gunduma ɗan lissafi ne, yana iya manta fuskar mace guda, amma ba zai manta da ranar da mata talatin suka cika masa ƙofar gida ba. Daga nan sai a riƙa halartar taro, a riƙa biyan ɗan kuɗin da ake biya, a ajiye rasit.

Idan lokacin zaɓen shugabannin jam'iyya ya zo, kada a tsaya ga kujerar shugabar mata kawai. Ina girmama iyayenmu da suka riƙe wannan muƙami, wasunsu sun yi shekaru suna wahala da aljihunsu, amma gaskiya ita ce an mayar da aikin ya zama tara mata ranar gangami da rabon atamfa. Sakatare shi ne ke riƙe da kundin suna, ma'aji shi ne ya san shigar kuɗi da fitarsu, sakataren tsare-tsare shi ne ke sanar da ranar taro da wurinsa, kuma babu abin da ya hana mace neman ɗaya daga cikin waɗannan. Ko ta 'yar tinƙe za a fid da ɗan takara, ko ta maslaha, waɗannan mutane ne suke cikin ɗaki lokacin da ake yanke magana. Dokar zaɓe takan sha gyara daga zango zuwa zango, don haka a sami wata mai karatu a cikin ƙungiya wadda aikinta shi ne bin dokar da ke aiki da jadawalin da hukumar zaɓe ta fitar, ta riƙa fassara wa sauran.

Akwai kuma batun lokacin taro, wanda maza da yawa ba sa ganinsa a matsayin matsala. Taron da za a fara ƙarfe goma na dare a falon wani babban mutum ya riga ya kori matar aure tun kafin a buɗe shi da addu'a. Idan mata sun yi yawa a rajista suna da bakin neman a mayar da taron gunduma bayan la'asar, a ofishin jam'iyya ko filin makaranta, kuma a rubuta hakan cikin bayanan taro.

Katin zaɓe kuwa yana da wata matsala da ta fi shafar mata. Aure yakan ɗauke yarinya daga Bunza ya kai ta Koko, katinta kuma yana nan a rumfar ƙofar gidan mahaifinta, sai ranar zaɓe ta zauna a gida. INEC tana karɓar buƙatar sauya rumfa a duk lokacin da aka buɗe rajista. Kowace ƙungiya ta bi gida-gida ta rubuta amaren da aka kawo unguwa, da 'yan matan da suka cika shekara 18, da waɗanda katinsu ya ɓata, a raka su ofishin hukumar na ƙaramar hukuma.

A fara da kansila

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da gundumomi 225, kowace gunduma da kujerar kansila, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa mu zuba ƙarfinmu. Gunduma wuri ne da mace za ta iya zagayawa da ƙafa ko a Keke Napep, kowa ya san gidan da ta fito, kuma kuɗin da ake kashewa bai kama ƙafar na majalisar tarayya ba. Kujerar ta ƙara daraja tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai doka ta sani, ban da kantomomi. Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya wannan zaɓe, don haka a ofishinta za a nemi sharuɗɗa da ranaku. Ba ina cewa a tsaya nan ba ne. Hajiya Halima Hassan Tukur ta wakilci Yauri da Shanga da Ngaski a majalisar wakilai ta tarayya daga 2007, wanda ya nuna mutanen jihar nan sun taɓa zaɓar mace zuwa Abuja. Sai dai mace guda da ta haura ba tare da wasu a bayanta ba, ranar da ta sauka sai wurin ya koma kamar ba a taɓa yi ba.

Wajen zaɓar wadda za a tsayar, a zauna tun da wuri a daidaita a kan mace ɗaya a kowace gunduma, domin idan uku suka fito sun raba ƙuri'ar mata sun miƙa wa namiji kujera a ruwan sanyi. A duba wadda jama'a suka riga suka gwada amanarta: uwar adashen da ba a taɓa jin kuɗi sun yi ciwon kai a hannunta ba, malamar Islamiyya, ungozoma, ma'aikaciyar jinya ko shugabar makaranta da ta yi ritaya, jagorar masu turara shinkafa, ko shugabar zumuntar mata a majami'u irin na ƙasar Zuru. Idan wadda aka hango ba ta saba magana a gaban maza ba, a fara tura ta kwamitin kula da makarantar firamare ko kwamitin asibitin gunduma, inda za ta koyi yadda ake karanta kasafi, da rubuta takardar koke, da tsayawa a gaban ciyaman ba tare da murya ta yi rawa ba.

Sannan a duba takardunta tun kafin abokan hamayya su duba. Majalisar jiha tana buƙatar shekara 25, tun bayan gyaran da aka sa wa hannu a 2018, da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma ma'aikaciyar gwamnati sai ta ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Abin da ya fi kama mata shi ne saɓanin suna, wato takardar makaranta da sunan mahaifi, katin zaɓe da sunan miji, katin ɗan ƙasa kuma da wani rubutun dabam. A 2020 irin wannan saɓani a takardun mataimaki ya sa Kotun Ƙoli ta soke zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsuwa. A nemi lauya ya daidaita komai tun ba a sayi fom ba. Wadda aka ce mata ta koma garin ubanta ta yi takara, ta sani sharuɗɗan tsarin mulki ba su ce sai 'yar asalin mazaɓa ba, kuma Binta Masi Garba ta wakilci Kaduna ta Kudu a majalisar wakilai kafin daga baya ta wakilci mazaɓarta ta Adamawa.

Gida, malamai da fada

Nan ne na fi son a yi haƙuri a bi a hankali, domin takarar mace a ƙasarmu a tsakar gida take fara tsayawa ko faɗuwa. Na taɓa raka wata baiwar Allah wurin surukarta a kan wannan magana, tsohuwar ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, mi kika nema cikin sha'anin maza?" Ba ta faɗi haka don ƙiyayya ba, tsoro ne take ji kada a zagi gidansu a bakin kasuwa. Abin da ya sauko da ita shi ne da muka daina maganar 'yancin mata muka koma maganar asibitin garin, inda babu ma'aikaciya mace da dare, har mai naƙuda ta gwammace ta haihu a gida. Muka ce mata, "Inna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wa zai faɗi wannan a zauren kansiloli in ba wadda ta taɓa kwana a kan tabarmar asibitin ba?" Ta yi shiru, daga baya ta ce Allah ya sa albarka.

Mai gida shi ne farkon wanda za a zauna da shi, kuma kada ya ji labari a majalisar abokansa. A gaya masa gaskiyar abin da ke tafe, da tafiye-tafiye, da baƙin da za su riƙa cika gida, da maganganun da za a yi, a kuma yi yarjejeniya a kan wanda zai riƙa raka ta, ƙanenta ne ko babban ɗanta ko shi da kansa. Mijin da aka girmama aka nemi shawararsa tun farko sau da yawa shi ke zama garkuwa idan an fara jifa. Ga maza masu karanta wannan kuwa, taimakon da ya fi kowane amfani shi ne ka fito fili a gan ka tare da ita a gaban dattawan unguwa, domin shirunka ma fassara shi za a yi.

Malamai kuma a je musu da ladabi, kada a je da gardama. Za a kawo hadisin da ya yi magana a kan mutanen da suka miƙa shugabancinsu ga mace, kuma hadisi ne ingantacce, ba a wasa da shi. Abin da ya dace shi ne a tambaya, "Allah gafarta Malam, shin wakilcin unguwa a zauren shawara yana cikin shugabancin da ake nufi?" domin malamai da dama sun bambanta babban shugabancin al'umma da wakilci da ba da shawara. Aya ta 71 cikin Suratut Tauba ta ambaci muminai maza da muminai mata tare wajen umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, kuma shawarar Ummu Salama ce ta warware wa Musulmi damuwa a Hudaibiyya. Mu da muke ƙasar Gwandu ba sai mun je nesa neman misali ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato jagorori mata, suke bin ƙauyuka suna karantar da mata, kuma manyan daular suna jin maganarta. Shigar matan Arewa siyasar zamani ma da wahala aka same ta, don ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU sun sha ɗauri sau da dama a kan haka.

Daga nan sai a kai gaisuwa ga mai unguwa da hakimi da uban ƙasa. Sarakuna iyayen kowa ne, ba za a nemi su ɗauki ɓangare ba, sanar da su kawai za a yi a nemi addu'a, don kada wani ya riga ku kai musu labarin a karkace.

Kuɗi da yaƙin neman zaɓe

A zaɓen fid da gwani na 2022, APC ta sayar da fom na majalisar jiha naira miliyan biyu, na majalisar wakilai miliyan goma, kuma manyan jam'iyyu sun yafe wa mata kuɗin babban fom, sai na nuna sha'awa kawai suka biya. Rangwamen yana da amfani, amma yana da ƙaya a ciki, domin idan an zo maslaha wadda ba ta biya cikakken kuɗi ba ita ake fara cewa ta janye. Kada ta sa hannu a takardar janyewa a cikin ɗaki ita kaɗai, ta ce sai ta koma ga waɗanda suka tsayar da ita. Idan aka yi mata maguɗi a cikin jam'iyya, kwana 14 kawai doka ta ba ta ta kai ƙara kotu, don haka lambar lauya ta kasance a hannu tun kafin ranar.

Kuɗin zirga-zirga da fasta da na ejan kuwa mata sun riga sun san hanyar tara su. A buɗe adashe na musamman shekara biyu kafin zaɓe, kowace ta riƙa zuba abin da za ta iya duk ranar kasuwa, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Kuɗin ubangida guda ɗaya sun fi saurin zuwa, sai dai wanda ya saya miki kujera shi zai riƙa gaya miki lokacin da za ki ɗaga hannu.

A wajen kamfe mace tana da damar da namiji ba shi da ita, domin ƙofar da aka rubuta "ba shiga" a buɗe take gare ta. Gidan suna, gidan biki, zaman makoki, makarantar matan aure, wurin awo, duk filinta ne. Ta riƙe magana biyu ko uku da suka shafi gundumar kai tsaye, ta bar dogon alkawari. A bakin kogi, bayan haɗarin jirgin ruwan Warrah na 2021, zancen rigar ruwa da lodin da ya wuce ƙima zance ne da kowace uwa za ta saurara. A yankin da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a 2021, tsaron makarantun 'yan mata shi ne kan gaba. A wani wurin kuma rijiyar burtsatse ce, ko injin casar shinkafa, ko rumbun ajiyar albasa. Saƙon murya ta WhatsApp da shirin rediyo suna isa ga matan da ba sa karatun boko fiye da fasta.

Sharri zai zo, gara a san da haka. Za a taɓa mutuncinta a Facebook da TikTok, za a ce ta fi ƙarfin mijinta, in ba ta da aure a ce abin da ya fi haka muni. Kada ta mayar da martani da kanta. A tanadi dattawa biyu ko uku, maza da mata, waɗanda za su yi magana a madadinta, a adana hoton duk abin da aka rubuta, barazana kuwa a kai ta ga 'yan sanda a rubuce. Kada a ɗauki 'yan banga ko da an ga abokan hamayya sun ɗauka, domin ranar da aka zubar da jini da sunanta, iyayen da suka ba ta goyon baya su ne farkon janyewa.

Ranar zaɓe kowace rumfa ta sami ejan da aka horar, wanda ba zai tashi ba sai an ƙirga, an cika takardar sakamako ta EC8A ko makamanciyarta a zaɓen ƙananan hukumomi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto, sannan a raka akwati wurin tattarawa. A kai masa abinci da ruwa har inda yake.

Inda ba mu da 'yar takara

Ba kowace kujera za mu samu mace a kanta ba a zango ɗaya, amma ƙuri'armu tana da farashin da ya wuce taliya da sabulu. Idan ɗan takara ya aiko a tara masa mata, a karɓe shi da mutunci, a miƙa masa takarda: mata nawa zai sa cikin kansiloli masu gafaka, nawa cikin kwamishinoni da hukumomin gudanarwa, ya sa hannu a gaban shaidu. Akwai madogara, domin manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta ware wa mata kashi 35 cikin ɗari, kuma a watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnatin tarayya ta cika wannan kaso a naɗe-naɗenta.

Haka kuma a bi sawun ƙudirin ware wa mata kujeru na musamman a majalisu. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Ƙetaren Kamba kaɗan, Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar kaso tun shekarar 2000, ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, daga baya ta ƙara, kuma mutanen Dosso da Gaya 'yan uwanmu ne a harshe da addini. Gyaran tsarin mulki a Nijeriya ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, wato ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarku a Birnin Kebbi yana da ƙuri'a a kai. A haɗa tawaga, a ɗauki malama da 'yar kasuwa da dattijo ɗaya ko biyu, a same shi a gidansa ranar da ya zo mazaɓa, a tambaye shi matsayinsa, a rubuta amsar da ya bayar da kwanan wata, a karanta ta a taron ƙungiya na gaba.